Yadda Mawaƙi Zai Ɗauki Manaja Ba Tare da Ya Sayar da Kansa Ba

Duk wanda ya zauna da mawaƙa a Damagaram ya san irin wannan kira. Wani Alhaji zai bugo waya ya ce, "Ƙanena, ranar Asabar za a ɗaura auren ɗiyata a Birni, ina son ka zo da mutanenka," mawaƙi kuma ya amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, ai ko ba a kira ni ba zuwa ya zama dole." Daga nan magana ta ƙare, ba a ambaci ko dala ba, domin a al'adarmu yaro ba ya yi wa babba farashi ido da ido. Sai bayan an watse, an naɗe tabarmi, a miƙo masa abin da ko hayar kayan sauti ba zai biya ba, ya karɓa da hannu biyu yana godiya, ya koma gida makaɗansa na jiran nasu rabon. Aikin manaja na farko a nan yake: shi ne bakin da zai faɗi abin da kunya ta hana mawaƙi faɗa, ya faɗe shi cikin ladabi, kuma tun kafin a ɗora lasifika a mota.

Wannan matsayi ba baƙo ba ne gaba ɗaya a wurinmu. Makaɗan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo sun rayu a tsarin da ubangida ke ɗaukar nauyin makaɗi, ya ba shi riga da hatsi, wani lokaci har da doki, a gefe kuma akwai sanƙira mai sanar da kyautar da aka yi yana zuga masu hannu da shuni. Mawaƙin yau ba shi da wannan inuwa, saboda haka yake buƙatar wanda zai riƙa nemo masa wasa, ya yi ciniki, ya tsara tafiya, ya lura da kuɗi. Kuskuren da matasa da yawa suke yi shi ne su ɗauki manaja a matsayin sabon ubangida, su riƙa zuwa ƙofarsa neman kuɗin cefane. Wanda ya ciyar da kai kullum, ran da ya ce ka sa hannu a takarda ba za ka iya cewa a bari ka karanta ba. Manaja abokin sana'a ne da ake biya daga abin da aka samu, kuma mawaƙi ne yake ɗaukarsa aiki.

Ba kowane mawaƙi ne ya kai lokacin ɗaukar manaja ba. Idan waƙoƙinka biyu ne rak, kuma a fadar unguwarku kaɗai ake sauraronsu a gefen butar shayi, babu abin da wani zai sarrafa maka tukuna, gara ka mai da hankali ga rubutu da maimaitawa. Alamar lokaci ya yi ita ce ka fara haɗa bukukuwa biyu a rana ɗaya saboda mantuwa, ko ka rasa wasa don wayarka tana kashe kana sitidiyo, ko a ƙarshen wata ka kasa faɗin nawa ya shigo nawa ya fita.

Wajen zaɓe, yawancin mawaƙa kan ɗauko aboki ko ƙanin uwa, kuma ban ga laifin haka ba muddin an gwada shi kamar yadda za a gwada bare. Ka ba shi wata uku na gwaji, ka lura da abubuwan da ido ke iya gani. Shin yana ɗaukar waya da safe? Idan ya ce zai je gidan rediyo ranar Talata, ya je? Idan ka ba shi jaka goma ya biya mai mota, ya dawo da canji da bayani ba tare da ka tambaya ba? Ka kuma duba ko yana iya karanta takarda da Faransanci, domin duk wata yarjejeniya da hukuma, ko ƙungiyar agaji mai neman waƙar wayar da kai, ko mai shirya wasa daga Yamai, da harshen nan za ta zo. Wanda ya fara maka da labarin Turai da biza tun bai samo maka wasa ɗaya a Mirriya ko Magarya ba, cinikin biri a sama yake so ku yi. Ni kan fi yarda da mutumin da ya taɓa riƙe littafin shago a kasuwar Dole a kan wanda ya fi kowa iya tsayawa kusa da mawaƙi a hoto.

Maganar la'ada ita ce inda ya kamata a daɗe. A harkar waƙa ta duniya, abin da aka saba ba manaja yana tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma ana yawan kafa misali da Kanar Tom Parker, manajan mawaƙin Amurka Elvis Presley, wanda ya kai ga karɓar rabin wasu kuɗaɗen mawaƙin, a matsayin abin da bai kamata a maimaita ba. Sai dai faɗin kashi 20 kawai bai wadatar ba, dole a san daga wane kuɗi za a cire shi. Mu ɗauki misali da biki a Mirriya da aka yi cinikinsa a kan jaka 150. Hayar kayan sauti da injin wuta ta ci jaka 30, mota ta ci 20, makaɗa da ƴan amshi huɗu kowa ya karɓi 10, abin da ya rage jaka 60 ne. Idan manaja zai ɗauki kasonsa daga kuɗin ciniki gaba ɗaya, ya tashi da jaka 30, mawaƙin da ya kwana yana rera waƙa shi ma jaka 30. Idan kuwa daga ragowar za a cire, manaja yana da jaka 12, mawaƙi yana da 48. Bambancin jaka 18 ne a dare ɗaya, kuma mutane biyu da suka yi musabaha a kan "kashi ashirin" za su iya rabuwa baram-baram alhali kowannensu yana ganin shi ne mai gaskiya. A ganina, ga mai tafiya da ƙungiya, cirewa daga ragowa ya fi adalci, domin yana sa manaja ya tsaya ya yi ciniki sosai da mai kayan sauti da mai mota, tunda kowace jaka da aka rage akwai rabonsa a ciki.

Sai kuma liƙi, wanda babu littafin Turawa da zai faɗa maka yadda za ka yi da shi. A wasu bukukuwan, abin da ake liƙawa a goshin mawaƙi ya fi kuɗin ciniki. Na taɓa tsayawa a bayan wata ƙungiya a wani biki a unguwar Zango, yaro ɗaya yana tsintar kuɗin yana cusawa a buhu, wani kuma yana tsintar na gefe yana cusawa a aljihu, da aka zo ƙirga sai rigima ta tashi tsakanin mawaƙin da wanda ke riƙe masa harka, kowa yana cewa ai da idonsa ya ga an yi liƙin da ya fi haka. Tun daga ranar nake ba da shawara ɗaya: mutum ɗaya ne mai tsinta, buhu ɗaya ne, kuma a ƙirga a gaban mutum uku kafin a shiga mota. A kuma yanke tun farko ko manaja yana da kaso a liƙi. Wasu na cewa liƙi kyauta ce tsakanin mawaƙi da wanda ya wasa, wasu na cewa ba don manaja ya samo bikin ba da ba a yi liƙin ba. Kowanne aka zaɓa yana iya tafiya daidai, matuƙar an zaɓa kafin a ga kuɗin a ƙasa.

Manaja nagari ba ya sanya rana a littafi sai an ba da kafin alƙalami, yawanci rabi, ta hannu ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, sauran kuma a cika kafin a fara kiɗa, domin mai biki da ya riga ya sallami baƙinsa ba ya saurin ɗaukar waya. Idan wasan a Kano ne ko Daura, sai a faɗa a fili da wane kuɗi za a biya. Sefa a ɗaure take da Yuro a kan farashi tsayayye, naira kuwa tana hawa tana sauka, saboda haka cinikin da aka yi da naira wata biyu kafin biki yana iya raguwa kafin a kai shi wurin ɗan canji. Haka kuma manaja ya san shekararmu: kasuwar biki tana buɗewa bayan kaka da kuma gab da azumi, tana rufewa cikin Ramadan, tana yin sanyi da damina lokacin da kuɗin mutane ke gona. Watannin sanyin kasuwar nan su ne na shiga sitidiyo, kuma kuɗin shigar daga abin da aka ajiye a watannin da kasuwa ke ci zai fito.

Duk wannan a rubuta shi. Ba sai an nemi lauya ba idan babu hali, takarda guda mai shafi biyu ta isa, da Hausa ko da Faransanci, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kofinsa. A ciki a faɗi tsawon yarjejeniyar, kuma shekara ɗaya da za a iya sabuntawa ta fi shekara biyar da ba a san yadda za a fita ba. A faɗi abin da manaja zai iya yanke hukunci a kai shi kaɗai, kamar karɓar biki a cikin gari, da abin da sai ya tuntuɓi mawaƙi, musamman waƙar siyasa da tallar kamfani, domin waƙa ɗaya da aka yi wa ɗan takara tana iya rufe wa mawaƙi ƙofar rabin gari. A kuma faɗi yadda za a rabu: sanarwar wata ɗaya ko biyu, da kuma cewa wasannin da manaja ya riga ya ƙulla kafin rabuwa yana da kasonsa a cikinsu ko da an yi su bayan ya tafi.

Abin da ba ya shiga hannun manaja ko kaɗan shi ne mallakar waƙa. Nijar tana da dokar haƙƙin mallaka ta ranar 23 ga Disamba 2010, tana kuma da hukumar BNDA a Yamai, wadda ke rajistar ayyukan masu fasaha, ta karɓi kuɗi daga masu amfani da su, ta raba wa masu haƙƙi. Aikin manaja ne ya tattara takardu ya bi sawun rajistar, amma sunan da zai hau takarda sunan wanda ya rubuta waƙar ne da wanda ya tsara kiɗan. Haka shafukan YouTube da TikTok da Facebook: a buɗe su da lambar wayar mawaƙi da adireshinsa, a ba manaja izinin shiga kawai, domin mawaƙin da aka buɗe wa shafi da layin wani, ran da suka ɓata zai wayi gari mabiyansa duka suna hannun wancan. Ƙaramin aiki kuma da ake rainawa shi ne sanya suna da lambar waya a jikin kowace waƙa kafin ta fita. Waƙoƙin Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa ɗan Nijar, sun daɗe suna yawo a katin waya daga hannu zuwa hannu, har sai da Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds a Amurka ya sha nema kafin ya gano mai su. Ba kowane mai nema ne zai yi wannan haƙuri ba.

Sau ɗaya a wata, mawaƙi da manaja su zauna su biyu, ba a fada ba, ba kuma a gaban makaɗa ba, a buɗe littafi. Kowane wasa yana da layinsa: rana, wuri, kuɗin ciniki, kafin alƙalami, abin da aka kashe, liƙi, da rabon kowa. Idan manajan ya girme ka, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Yaya, a duba mini layin Matamaye, kamar kuɗin mota bai shiga ba." Idan ya buɗe shafin ya nuna maka da yatsa, ku ci gaba zuwa layi na gaba. Idan kuwa ya ɓata rai ya ce ashe ba ka yarda da shi ba, har hakan ya faru wata biyu a jere, to ka ɗauko takardar yarjejeniya ka karanta sakin layin da ya yi maganar sanarwar rabuwa.