Sabon Shugaba, Sabuwar Dokar Biza: Kurakuran da Muka Fi Yi a Bauchi

Duk lokacin da aka yi zaɓe a Amurka ko Birtaniya, sai hira ta canza a majalisun matasa tun daga Wunti har Yelwa. Wannan ya ce hanya ta buɗe, wancan ya ce an rufe ke nan. Abin takaici, a kan irin wannan hirar ake sayar da fili ko a ajiye aiki. Canjin shugaba yana taɓa dokar shige da fice ƙwarai, amma ba yadda muke ji a WhatsApp ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jin an ce "an hana 'yan Najeriya biza" a tsaya a nan. A ƙarshen Janairun 2020 Donald Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da ya taƙaita wa shiga Amurka, amma bizar zama na dindindin abin ya shafa, bai taɓa ta karatu ko ta ziyara ba. Duk ɗalibin da ya fasa neman gurbin karatu a lokacin saboda jita-jita, a banza ya fasa. Joe Biden ya soke umarnin a ranar da aka rantsar da shi, 20 ga Janairun 2021. Da Trump ya dawo a 2025, cikin Yuli aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. A Disamba kuma ya fitar da wani umarnin da ya fara aiki 1 ga Janairun 2026, wannan karon har da bizar ziyara da ta karatu, sai dai bai haɗa da wanda yake riƙe da biza mai aiki kafin ranar ba. Mutum ɗaya ne ya sa hannu a 2020 da 2025, amma abin da ke cikin takardun ya bambanta. Saboda haka kafin ka yanke shawara, buɗe shafin ofishin jakadancin ƙasar da kanka ka nemi amsar tambaya uku: wace irin biza ake nufi, daga wace rana, su wa aka keɓe. In Turancin ya yi maka nauyi, nemi wanda ka amince da shi ya karanta maka, amma kada ya zama mai neman kuɗinka.

Wani kuskuren shi ne auna doka da sunan jam'iyya. Gwamnatin Firayim Ministan Birtaniya Rishi Sunak, na jam'iyyar Conservative, ce ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali Birtaniya daga Janairun 2024, ta kuma hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya hakan daga Maris na shekarar. Da jam'iyyar Leba ta ci zaɓe a Yulin 2024, da yawa sun zaci sabon Firayim Minista Keir Starmer zai sassauta. Bai sassauta ba. A Yulin 2025 ma gwamnatinsa ta daina ba da bizar ɗauko masu aikin kula daga waje. Ina faɗin wannan da ƙarfi saboda ƙannenmu mata da suka karanci aikin lafiya: duk dillalin da ya ce yau zai samar miki wannan bizar daga Bauchi, kada ki ba shi ko sisi.

Haka batun bizar caca ta Amurka, wato bizar zama da ake rabawa ta hanyar ƙuri'a. Tun 2013 aka cire Najeriya daga cikinta, ba don fushin wani shugaba ba, sai don 'yan ƙasar da suka samu zama a can cikin shekara biyar sun haura 50,000. Mai shagon intanet da ya ce sabuwar gwamnati ta mayar da mu, ka ce ya nuna maka a rubuce.

Kuskuren da ya fi tsada kuwa na waɗanda suke can ne. Biza ta ƙare, sai mutum ya laɓe yana jiran a yi sabon shugaba ya yi afuwa. Umarnin shugaban ƙasa daban, dokar majalisa daban. Umarni, wanda ya gaji shugaban zai iya soke shi cikin yini guda, amma doka sai majalisa ta sake zama a kanta. Dokar Amurka ta 1996 ta ce wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 sannan ya fita, ba zai sake shiga ba sai bayan shekara uku, wanda ya kai shekara kuwa sai bayan goma. Shugabanni sun zo sun wuce, tana nan daram. Iyaye, in ɗanku ya kira ya ce yana jiran zaɓe, ku matsa masa ya ga lauyan shige da fice mai lasisi tun kafin wa'adin ya cika.

Mukan kuma manta da maƙwabta, alhali nan ne abin ya fi saurin iso mu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024, kuma 'yan kasuwa sun ji a jikinsu. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da har sai an sanar da wani abu, wato ba tabbas ne na har abada ba. Dattawa suna tuna 1969, lokacin da sabuwar gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da dama suka baro dukiya suka dawo. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da ke sana'a a kasuwar Muda Lawal, da namu da ke fatauci a Yamai, kowa ya je ofishin shige da fice ya gyara takardunsa yanzu, ya kuma ajiye kwafinsu a waya da kuma wurin iyali.