Yadda ake haɗa jel mai shan ruwa da hasken gama (gamma, haske mai ratsa abubuwa wanda ido ba ya gani), a kuma auna kumburinsa

A narkar da giram 10 na garin PVA (polyvinyl alcohol, wani polima, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙi, da ke narkewa a ruwa) a cikin mililita 90 na tataccen ruwa, a zafin digiri 90 na ma'aunin Celsius, ana juyawa har ya narke sarai. Bayan ya huce, a zuba a kwalaben gwaji, a busa iskar naitrojin na minti 15, sannan a toshe. Kada a tsallake wannan mataki: iskar oksijin tana cinye ɓurɓushin sinadari (free radicals) da hasken ke haifarwa, waɗanda su ne ke ƙulla sarƙoƙin polima da juna, sai sarƙoƙin polima su tsintsinke maimakon su ƙullu, saman jel ɗin ya fito da yauƙi.

A haska kwalaben da kobalt-60, ƙarfen da ke fitar da hasken gama, domin ruwan PVA ɗin ya zama jel. Kilogire 25 (kilogire shi ne ma'aunin yawan hasken da abu ya sha) ya isa farawa. Wannan aikin ma'aikatan cibiya mai lasisi ne kaɗai.

A yanka jel ɗin ƙanana, a busar a digiri 50 har nauyinsa ya daina sauka, a auna. A jiƙa shi a ruwan zafi na awa 24 domin abin da bai ƙullu ba ya fita, a sake busarwa a auna. Ba a gwajin kumburi kafin wannan wanki, in ba haka ba lissafin zai ruɗe.

Sai a tsoma busasshen yankin a ruwa, ana ciro shi lokaci-lokaci, a ɗan goge ruwan samansa da takardar tacewa ba tare da matsawa ba, a auna har nauyin ya tsaya. A cire busasshen nauyi daga jiƙaƙƙen, a raba da busasshen; abin da ya fito shi ne ma'aunin kumburin.

Yawan haske yana ƙara ƙulli, ramukan da ke tsakanin sarƙoƙin su matse, kumburi ya ragu. Idan hasken ya wuce kima jel ɗin yakan karye. Idan kuwa ya yi kaɗan, jel ɗin narkewa zai yi a ruwan wankin.