Yadda ake koyar da ginin rumbun bayanai da haƙar bayanai ga ɗaliban digiri na biyu

Mutane iri biyu ne ke zama a wannan ajin a nan Kaduna. Akwai 'yan sashen kasuwanci, yawancinsu ma'aikatan banki ko na gwamnati ko masu harkar kansu, da ke zuwa darasi bayan an tashi aiki. Akwai kuma 'yan kimiyyar kwamfuta, waɗanda SQL, wato harshen da ake tambayar ma'ajiyar bayanai da shi, ba ta ba su tsoro, amma ba su taɓa zama da ɗan kasuwa sun ji abin da ke hana shi barci ba. Idan malam ya biye wa na farko, darasin ya zama labari. Idan ya biye wa na biyu, rabin aji ya ɓace tun mako na uku. Ga hanyar da na ga tana riƙe su duka.

Mataki na 1: Haɗa su rukuni tun ranar farko

Kada ka bari su zaɓi abokan aiki da kansu, domin kowa wajen ɗan sashensu zai nufa. Ka raba su mutum huɗu huɗu, biyu daga nan biyu daga can. Sharaɗin shi ne ranar gabatarwa ɗan kasuwanci ne zai bayyana tsarin teburori, ɗan kwamfuta kuma ya bayyana ribar da za a samu. Da wannan kaɗai za su fara koyar da juna.

Mataki na 2: A fara da tambaya, a je a nemo bayanan gida

Kafin a kunna kwamfuta, kowane rukuni ya kawo tambaya guda da wani mai sana'a zai so jin amsarta. Mai shagon magani a Tudun Wada yana son sanin maganin da ke lalacewa a kanta kafin a saya. Dillalin hatsi da ke sarin masara daga Saminaka yana son sanin watan da ajiya ke biyan kuɗin sito. Mai kanti a Barnawa yana son sanin kayan da ake saye tare. Tsarin CRISP-DM na gudanar da aikin haƙar bayanai (wato zaƙulo abin amfani daga tarin bayanai), wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1990 kuma har yau ake bin sa, matakai shida gare shi, na farkonsu fahimtar kasuwancin ne, sai fahimtar bayanai, shirya su, gina samfuri (tsarin lissafi da ke koyo daga bayanai), auna shi, sannan a sa shi aiki. Ka rubuta shidan a allo, ka riƙa nuna musu inda aka kai kowane mako.

Bayanan da ake saukewa daga intanet an riga an wanke su tas, don haka ba sa koyar da wahalar da ke jiran ɗalibi a ofis. Gara su samo littafin ciniki na gaske da izinin mai shi, ko rahoton farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa wata-wata. A nan ne za ka karanta musu Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Sunan mutum, lambar wayarsa da lambar asusunsa duk a goge su kafin fayil ya shigo aji. Wanda ke aiki a banki ko asibiti kada ya kuskura ya kwaso bayanan wurin aikinsa. Wannan amana ce, kuma ina sa maki a kanta.

Mataki na 3: Nuna musu dalilin gina rumbu dabam

Ma'ajiyar da kanti ke amfani da ita kullum an yi ta ne don rubuta ciniki ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Rumbun bayanai kuwa don tambayoyin da suka shafi bayanan shekaru da yawa aka gina shi. Bill Inmon, ɗaya daga cikin masanan fannin, ya siffanta shi da abubuwa huɗu: an tsara shi bisa maudu'i, an haɗe bayanan wurare dabam-dabam a cikinsa, yana riƙe da tarihi, kuma abin da aka zuba ba a gogewa. Ɗalibanmu sun san rumbun hatsi, sun san bambancinsa da kwanon awo na yau, don haka bayanin ba ya ɗaukar lokaci. Wani masanin kuma, Ralph Kimball, ya yaɗa tsarin tauraro a 1996: teburin ƙididdiga a tsakiya, teburorin bayani kewaye da shi, na kaya, na reshe, na mai saye, na kwanan wata. Da na Kimball nake sa su aiki, saboda ɗan kasuwanci yana iya zana shi da biro a takarda. Tambayar da za ka nace a kai ita ce: layi ɗaya a teburin tsakiya me yake nufi? Rasit guda ne, ko kaya guda a cikin rasit, ko jimillar cinikin yini? Rukunin da bai amsa wannan ba kada ya wuce gaba.

Teburin kwanan wata ya cancanci darasi sukutum. Wanda ke cikin littattafan Turai ya san wata da zango da ranar hutu ne kawai. Namu dole ya san azumi, da ƙaramar Sallah da babba, da Kirsimeti, da damina da kaka, da ranakun cin kasuwannin ƙauye. Wani rukuni ya taɓa kawo mini sakamako cewa Maris ne watan cinikin dabino. Lissafinsu daidai ne, domin azumin 2023 ya kama a ƙarshen Maris, na 2024 wajen tsakiyarsa, na 2025 a farkonsa. Sai dai azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka mai shagon da ya bi wannan shawarar zai tara dabino bayan an sha ruwan ƙarshe. Da suka ƙara ginshiƙin watan Musulunci a teburin, gaskiya ta fito.

Mataki na 4: Ɗebowa, gyarawa, zubawa

Wannan shi ne abin da 'yan kwamfuta ke kira ETL, kuma nan ya kamata kusan rabin zangon karatu ya tafi. Mai saye ɗaya za a same shi a rubuce Muhammad, Mohammed, Muhd da Moh'd. Zariya da Zaria gari ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Wani reshe yana rubuta 3/4 yana nufin 3 ga Afrilu, wani fayil ɗin kuma ya juya shi 4 ga Maris. Awo ma haka: buhun shinkafa mai kilo 50 da buhun masara mai kilo 100 duka "buhu" aka rubuta, mudun wannan kasuwa kuma ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Ka sa su buɗe littafin gyara, duk abin da suka canja su rubuta dalili. Su kuma adana adadin kaya tare da kuɗinsa, domin idan naira kaɗai aka duba, tsadar kaya za ta sa a ɗauka ciniki ya ƙaru alhali raguwa ya yi.

Game da kayan aiki, ka zaɓi waɗanda ba sa buƙatar intanet, tunda wuta da data ba su da tabbas. PostgreSQL ko SQLite sun isa rumbu. Manhajojin haƙar bayanai, Weka ta Jami'ar Waikato da Orange ta Jami'ar Ljubljana, kyauta ne, kuma da linzami ake sarrafa su, abin da ke kwantar wa 'yan kasuwanci hankali. Ka zuba su a filashi ka raba. Excel yana da amfani wajen dubawar farko, amma a layi 1,048,576 yake tsayawa.

Mataki na 5: Haƙa, amma da hannu tukuna

Hanyoyi uku sun isa zango ɗaya: gano kayan da ke tafiya tare, rarraba masu saye gida-gida, da bishiyar yanke shawara don hasashe. Na farkon, wato Apriori da Agrawal da Srikant suka fitar a 1994, a allo nake fara shi. A ce rasit 1,000 ne. Madara ta fito a 200, burodi a 300, su biyun tare a 120. Ke nan kashi 60 cikin ɗari na masu sayen madara sun haɗa da burodi, alhali a dukan masu saye kashi 30 ne kawai ke sayensa. Ninki biyu ke nan, akwai alaƙa. To a ce sukari ma ya fito a 120 daga cikin rasit ɗin madara, amma yana cikin 600 na dukan rasit. Kashi 60 nan, kashi 60 can, babu wata alaƙa, sukari ne kawai kowa ke saye. Ɗalibin da ya yi wannan lissafin da biro ba zai yarda da duk abin da manhaja ta tofar masa ba.

Wajen hasashe, ka hana su auna samfuri da bayanan da aka koyar da shi. A ware watannin ƙarshe a ɓoye, sai an gama a gwada. Ka kuma tuna musu farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar. Samfurin da ya koyi halin masu saye kafin nan zai yi ta kuskure bayansa, dole a sa wa waɗannan watannin alama.

Mataki na 6: Gabatarwa a gaban mai kaya

Jarrabawar takarda kada ta wuce rabin maki. Sauran a raba tsakanin zanen rumbu, littafin gyara, da gabatarwa. Idan hali ya yi, ka gayyato mai shagon da ya ba da littafinsa ya zauna a gaba. Minti 10 kowane rukuni, da Hausa ko Turanci, duk wanda baƙon ya fi ji. Su faɗa masa abu ɗaya da zai canja ranar Litinin, da nawa zai ci masa, da kuma inda lissafinsu ke da rauni. Bayan sun zauna sai ka juya ka tambaye shi, "Alhaji, za ka gwada?" Amsarsa da dalilinsa su ma kana rubuta su a takardar maki.