Darasi: Wayarka a Hannun Ɗanka

Wayar da aka ajiye lambar katin banki a cikinta jakar kuɗi ce. Duk ranar da ka miƙa wa ɗanka ita don ya yi wasa, kuɗinka ka miƙa masa.

Yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su. Sai yaro ya yi nisa, wasan ya tsaya, a ce sai ya sayi lu'ulu'u ko tsabar zinariya kafin ya wuce gaba. Shi a ganinsa zane ne kawai. Yana dannawa banki ya cire kuɗi na gaske. Kamfanin kuwa kai ya sani, tunda asusun da sunanka aka buɗe shi.

Haka ta faru da iyaye da yawa a Amurka. A da, idan aka sa kalmar sirri sau ɗaya a wayar Apple, ana iya ci gaba da saye har minti 15 ba tare da an sake tambaya ba. A 2014 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19. Kada ka dogara da haka. Neman a dawo da kuɗi yana da wahala, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Shiga saitin Play Store ko App Store, ka zaɓi a riƙa tambayar kalmar sirri a kowane saye. Kada ka faɗa wa yaron kalmar, ko ya yi ta magiya. Idan yana da wayarsa, Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da wayar yara da ita, za ta sa saƙo ya zo maka kafin ya sayi wani abu a Play Store.

Sai maganar shekaru. Facebook da Instagram da TikTok ba sa karɓar wanda bai kai 13 ba. Ostireliya ma ta yi doka a 2024 ta mayar da shi 16. Abin da ya fi damuna shi ne, wani lokaci uba da kansa ke ƙara wa ɗansa shekaru wajen rajista. Ɗan shekara 10 da aka rubuta masa 20, babba za a ɗauke shi. Tallan manya zai gani, baƙi kuma za su iya turo masa saƙo.

Aikin gida: yau da dare ku zauna da ɗanka, ku duba shekarar haihuwar da ke kan kowane asusunsa.