Yadda wufa take aiki da yadda za ka saita taka a gida ko a mota

Duk wanda ya taɓa hawa adaidaita sahun da aka ɗaure wa sabwufa, wato wufa, a bayan kujera ya san kiɗan nan ba a kunne yake tsayawa ba, a ƙirji da gadon baya yake dukan mutum. To wannan dukan shi ne aikinta gaba ɗaya, ita wufa ba ruwanta da muryar mawaƙi, nata kawai bes ne, wato sautin ƙasa mai kauri.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga hertz 20 zuwa 20,000 (hertz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), wufa kuma na can ƙasa take ɗauka, daga wajen 20 zuwa 200. In ka kwance ta ba wani siddabaru a ciki, ƙaton maganaɗisu ne a baya, sai koyil na siririyar wayar jan ƙarfe da yake zaune a raminsa, manne da faifan nan da kake gani yana rawa. Amfilifaya ta turo wuta, koyil ya yi gaba ya yi baya, faifai ya tunkuɗa iska, shi ke nan. Sai dai sautin ƙasa iska mai yawa yake so, shi ya sa ƙaramar sifika ba ta iyawa, na gida za ka ga inci 8 zuwa 12, masu DJ na gidan biki kuwa inci 18 suke jibgewa a ƙasa. Akwai ta a sinima da gidan kallon ƙwallo da but ɗin mota, kuma in ka ga 5.1 a jikin kwalin kayan sautin falo, ɗayan nan na ƙarshe ita ce. Amma don Allah in masallaci ko Islamiyya za ku sa wa sifika kar wani ya lallaɓe ku da wufa, magana ba ta buƙatarta, asarar kuɗi ce.

In ka shiga Sabon Gari saye, abu na farko kar ka kula da 5000W PMPO da aka rubuta da manyan baƙi, na talla ne wallahi. Ka nemi RMS, shi ne ƙarfin da za ta iya ɗauka tana aiki ba tsayawa. Sannan ka tambaya mai amfilifaya a cikinta ce ko wadda sai ka haɗa mata daban, in ta biyun ce ka duba om ɗinta, wato ma'aunin yadda take tare wutar da ke shiga ta, yawanci 4 ne ko 8, kar ka ɗora wa amfilifaya abin da ya yi ƙasa da wanda aka rubuta a bayanta, zafi za ta ɗauka ta mutu. In ta hannu ce kuwa, kafin a jona ka baza yatsunka a kan faifan ka danna a hankali, ya kamata ya shiga ya dawo sumul, in ka ji yana karta to koyil ya taɓa ƙonewa ko ya goce, ka sunsuna ma ko za ka ji ƙauri. Kuma ka je da waƙarka a waya wadda kunnenka ya saba da ita, ba wadda mai shago ya zaɓa ba.

Akwati ma rabin aikin ne. Rufaffe bes ɗinsa a ɗaure yake, mai rami kuma ya fi ƙara, amma kar ka bar kafinta ya yi maka da ka, kowace wufa da girman akwatin da aka tsara mata, katako mai kauri, ba inda iska ke zurarewa.

Saiti ne inda yawancin mutane suke ɓata abin, sai su murɗe komai har ƙarshe. A bayanta akwai maɓallin crossover, shi ke yanke iyakar sautin da wufa za ta ɗauka, fara da hertz 80, in sauran sifikun ƙanana ne sosai ka ɗan ɗaga zuwa 100 ko 120. In kana jin muryar mutum tana fitowa daga wufa to ka wuce gona da iri. Boliyum ka bar shi rabi tukuna. Maɓallin da aka rubuta wa 0 da 180 kuma ka zauna inda kake zama, yaro ya riƙa canza maka, inda bes ya fi cika nan za ka bari.

Wurin ajiyewa akwai dabara. Ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kunna kiɗa, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare, 'yan gida za su yi maka dariya amma inda ka ji bes ya fito tas nan ne gurbinta. Lungu yana ƙara ƙarfi sai dai wani lokacin gunji kawai yake zama. Ka tuna kuma bes yana ratsa bango fiye da kowane sauti, in gidan haya kake ka rage bayan isha'i.

Da ka ji ta fara fat-fat kamar ana yaga tsumma ka sauke nan take, haka koyil yake ƙonewa sai ka koma wurin masu rewayin. A gida ka sa mata sitabilaiza musamman in da janareta kake, a mota kuma waya mai kauri daga batir, da fiyus kusa da kan batirin, ba can cikin but ba.