Idan Faɗaɗa Filin Jirgin Sama Ya Shafi Gonakin Mazaɓarka

Da farko kansila ya san iyakarsa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya keɓe harkar jiragen sama ga gwamnatin tarayya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Ƙudurin "ba mu yarda ba" ba ya tsayar da katafila. Inda majalisar ƙaramar hukuma take da baki shi ne kan diyya da sharuɗɗa, su ma sai an rubuta su.

A nemi taswirar aikin a rubuce daga hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya (FAAN) ko ma'aikatar filaye ta jiha, sannan a tafi da dagaci da masu unguwanni a taka iyakar da ƙafa, turke bayan turke.

Ranar ƙidayar abin da za a biya diyya a kansa ake ci ko a faɗi. Doka ba ta biyan kuɗin ƙasa tsagwaronta, abin da ke kanta take biya: gini, rijiya, shuka, itatuwa. Don haka kowane mai gona ya tsaya a gonarsa, a ƙirga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro a gabansa, a ɗauke shi hoto da lambar fili a hannu, ya karɓi kwafin takardar. Idan da hali a guji ƙidayar rani, lokacin da gona take fayau sai kara, domin jami'i abin da ya gani zai rubuta. Gonar gado a sa sunayen magada duka. Gonar aro ko jingina a bambanta mai ƙasa da mai shuka. Nan ne rigima ta fi ɓarkewa, cikin gida ɗaya ma.

A zauren majalisa, maganar ta shiga ajanda kafin zama. A tabbata adadin kansilolin da ƙa'idar majalisa ta gindaya ya cika, in ba haka ba lauya zai rushe ƙudurin da jimla ɗaya. Wani ya gabatar, wani ya mara masa baya, a kaɗa ƙuri'a, akawu ya rubuta buƙatun ɗaya bayan ɗaya. Kansilan da ke da gona a wurin ya faɗa, ya fita kafin ƙuri'a.

Rahoton tasirin aikin ga muhalli akan baje shi na kwanaki 21 na aiki, galibi har a sakatariyar ƙaramar hukuma, amma sau da yawa ƙura ce ke karanta shi. A aika ƙorafi a rubuce cikin wa'adin.

Jinkiri ma makami ne: titin jirgi na biyu a Abuja ya yi ta cijewa kan diyyar mutanen garin Jiwa da aikin ya shafi filayensu, sai a 2023 aka daidaita a kan kimanin naira miliyan 825.

Kada wakilai su sa hannu sai yarjejeniya ta faɗi makomar maƙabarta, da burtali, da hanyar kasuwa da katangar za ta datse, tare da ranar biya.