Yadda za ka bi titin Alaska da mota kana kwana a bakin tafki

Titin nan ya tashi ne daga garin Dawson Creek a Kanada, ya ratsa yankin Yukon na Kanada har ya dire a garin Delta Junction cikin jihar Alaska ta Amurka, sama da kilomita 2,200, sojojin Amurka ne suka fasa shi a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu. Yanzu akwai kwalta, amma fa daji ne na gaske, sai ka yi awa guda kana zuba gudu ba ka ga gida ko ɗaya ba.

Ka je tsakanin Yuni zuwa farkon Satumba. Bayan haka sanyi ya shigo, wuraren kafa tanti da yawa sun rufe. Kuma don Allah kar ka ce a kwana uku za ka gama, ka ware sati ɗaya ko fiye, in ba haka ba kwalta kawai za ka kalla ka dawo.

Maganar mai, da zarar tanki ya kai rabi ka tsaya a gidan man da ka fara gani ka cika, kar ka ce bari sai na gaba, na gaban ka iya tarar da shi a rufe. Ka duba safaya taya da jak tun a gida, ka sauke taswira a waya don sabis ɗaukewa yake na tsawon tafiya.

Wurin kwana kuwa, ni dai tafkin Muncho ba na haɗa shi da ko'ina. Ruwan kore shar ga duwatsu sun zagaye shi, akwai sansani biyu na gwamnati a bakin ruwan, Strawberry Flats da MacDonald, sai dai ka isa da wuri don cika suke. Gaba kaɗan akwai ruwan zafi na Liard, ka shiga ka gasa jiki, amma a yankin nan ka rage gudu sosai saboda ɓauna garke guda kan kwanta a gefen titi, wani lokaci ma a tsakiyarsa. Bayan garin Whitehorse sai tafkin Kluane, a sansanin Congdon Creek har shingen lantarki aka yi wa masu tanti saboda beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari.

To ita beyar ɗin nan ita ce abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci. Hancinta ya wuce tunaninka. Abinci, man goge baki, sabulu, tukunyar da ka dafa, duk abin da ke da ƙamshi ka kulle shi a mota ko akwatin ƙarfen da aka tanada, ko biskit ɗaya kar ya kwana a tanti. Ka yi girki nesa da inda za ka kwanta, ka sayi feshin korar beyar ka rataye a ƙugu ba cikin jaka ba.

Ruwan tafki ka tafasa kafin ka sha duk kyansa. Sauro kuma akwai shi ba kaɗan ba, ka zo da magani da riga mai dogon hannu, da abin rufe ido, don a watan Yuni ƙarfe 11 na dare gari da haske. In za ka tsallaka Alaska ka tabbata bizar Amurka na hannunka, kuma daga ƙauyen Destruction Bay zuwa boda ka bi a hankali, ƙanƙarar ƙarƙashin ƙasa ta lanƙwasa kwaltar, mota sai tsalle.